Tsakanin Kwalta da Gadon Asibiti

A shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu ƙananan jiragen koyon tuƙi guda biyu suka yi taho-mu-gama a sararin jihar Texas ta Amurka, suka rikito ƙasa. Cikin tarkacen aka zaƙulo wani saurayi Ba'amurke mai suna Hugh DeHaven, wanda ya shiga rundunar jiragen yaƙi ta Birtaniya a Kanada don ya zama matuƙi. Ƙafafunsa sun kakkarye, hantarsa ta fashe, amma da sauran shan ruwansa a gaba. Duk watannin da ya yi yana jinya, abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Ya lura cewa ƙarfen maɗaurin bel ɗin da ya ɗaura ne ya nutse masa a ciki ya yi masa wannan ɓarna. Da an ƙera ƙarfen da wata siffa, ko an ɗora shi a wani wuri, da hantarsa ta tsira. Ya kai wa manyansa maganar, ba wanda ya saurare shi. A wajensu wanda ya mutu a hatsarin jirgi bai yi sa'a ba, wanda ya rayu ya yi sa'a, iyakar zancen ke nan.

DeHaven ba likita ba ne, mutum ne mai ƙere-ƙere, kuma da idon maƙeri ya dubi jikin ɗan Adam. Sai bayan shekara 25, a 1942, ya fitar da binciken da ake ɗauka a matsayin tushen fannin kare jiki daga rauni. Ya bi diddigin mutum 8 da suka faɗo daga saman benaye, tsayin ƙafa 50 zuwa 150, kuma suka rayu. Wata ta faɗa kan ƙasar lambu mai taushi, wani kan murfin mota wanda ya lotsa da shi. Ya auna zurfin ramin da jiki ya bari a ƙasa, ya auna lotsewar ƙarfe, ya yi lissafi. Abin da ya gano shi ne jikin mutum ya fi ƙarfin yadda ake zato, muddin bugun ya bazu a faɗin jiki maimakon ya taru wuri ɗaya, kuma tsayawar ta ɗan ja lokaci ko da ƙiftawar ido ce. Duk macen da ta taɓa jera ƙwan zabi cikin dusa a ƙwarya ta kai kasuwa ta san wannan ilimi, ko da ba ta san lissafinsa ba. Shi ma DeHaven da ƙwai ya riƙa nuna wa mutane, yana sako shi daga saman bene bisa shimfiɗar roba, ya sauka bai fashe ba.

Daga aikinsa a sashen likitanci na Jami'ar Cornell ne aka fahimci cewa karo biyu ake yi a kowane hatsarin mota. Na farko tsakanin mota da bishiya ko wata motar. Na biyu yana biyo baya nan take, tsakanin fasinja da sitiyari ko gilashi ko kwalta. Na biyun shi ke kisa, kuma shi ne wanda injiniya ke da iko a kansa.

A Ingila kuwa mutuwar wani shahararre ce ta buɗe ƙofa. A watan Mayun 1935, T. E. Lawrence, jami'in sojan nan da ya yi suna a yaƙin Larabawa da Daular Usmaniyya, ya kauce wa wasu yara biyu masu keke a wata hanyar ƙauye a Dorset, babur ya kayar da shi, kansa ya bugu. Kwana 6 ya yi bai farfaɗo ba, ya cika. Cikin likitocin da aka kira akwai Hugh Cairns, ɗan Ostareliya, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Cairns ya ga yadda sojoji masu kai saƙo a kan babur ke mutuwa da raunin kai tun ba su ga abokan gaba ba. Ya tattara alƙaluma ya buga su a 1941, kuma a watan Nuwamban shekarar rundunar sojan Birtaniya ta wajabta hular kwano ga masu hawa babur. Farar hula kuwa sai da suka jira har 1973 kafin doka ta hau kansu, alhali jihar Victoria ta Ostareliya ta riga ta yi tata tun 1961. Shekara 32 tsakanin hujja da doka, a ƙasar da hujjar ta fito. Binciken da aka tattara daga baya ya nuna hular tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Akwai kuma wanda ya mai da jikinsa abin gwaji. Kanar John Stapp, likitan sojan saman Amurka, ya so ya san iyakar abin da mutum zai iya ɗauka in an ɗaure shi da kyau. Ranar 10 ga Disambar 1954, a hamadar New Mexico, aka ɗaure shi a wata kujerar ƙarfe da ke kan layin dogo, an ɗaura mata rokoki. Ta kai gudun kilomita 1,017 a sa'a, sannan aka tsayar da ita cikin daƙiƙa 1.4. Ƙarfin da ya danne shi ya ninka nauyin jikinsa sau 46. Jijiyoyin idanunsa suka fashe, ya yi ɗan lokaci ba ya gani, amma ya rayu har ya kai shekara 89. Stapp ya lura cewa rundunarsu tana asarar mutane a hatsarin mota kusan yadda take yi a hatsarin jirgi, sai ya karkata ga motoci.

Bel ɗin da muke sawa yau, ko kuma muke ratayawa a kafaɗa idan mun hango jami'an kiyaye haɗurra mu saki da zarar mun wuce su, aikin Nils Bohlin ne, injiniya ɗan Suwidin. Kafin kamfanin motoci na Volvo su ɗauke shi, yana aikin kujerun da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje ne a kamfanin Saab. A 1959 ya fito da bel mai kama ƙirji da ƙugu a lokaci ɗaya, wanda ke zama kan ƙashi mai ƙarfi, maɗaurinsa kuma yana gefe, nesa da ciki. Volvo suka bar sauran kamfanoni su yi amfani da ƙirar kyauta. A 1967 Bohlin ya gabatar da nazarin haɗurra kusan 28,000 a Suwidin, inda ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗaura bel ya mutu ba a hatsarin da gudunsa bai kai kilomita 96 a sa'a ba.

Mutumin da ya tattara waɗannan guntaye ya mai da su ilimi guda shi ne William Haddon, likitan lafiyar al'umma. Kafin shi, kusan duk ƙoƙarin hukuma a kan direba yake ƙarewa: a yi masa wa'azi, a kafa allon gargaɗi, a ci shi tara. Kamfanonin mota sun ji daɗin wannan tsari ƙwarai, tunda laifi bai taɓa zama na motar ba. Haddon ya ce rauni cuta ce kamar kowace cuta, tana da mai ɗauka, tana da abin da ke kawo ta, tana da muhallin da take yaɗuwa. Abin da ƙwayar cuta take ga zazzaɓi, shi ne ƙarfin bugu ko zafi ko lantarki yake ga rauni, mota kuma ita ce mai dakonsa zuwa jiki.

Salon bincikensa ya cancanci a tsaya a kansa. A birnin New York, idan mota ta kashe mai tafiya a ƙasa, Haddon da abokan aikinsa sukan koma daidai wurin, a irin wannan rana ta mako, a daidai wannan lokaci, su tare masu wucewa su roƙe su a gwada numfashinsu. Da haka suka iya kwatanta waɗanda suka mutu da waɗanda suka bi hanya ɗaya suka wuce lafiya, suka nuna da hujja irin rawar da giya da tsufa ke takawa. Daga baya ya zana jadawalin da har yau ake koyarwa da sunansa. Ya raba hatsari gida uku, kafin karo, lokacin karo, da bayan karo, kuma a kowane gida a tambayi halin mutumin, halin abin hawan, da halin hanya da jama'a. Ɗauki ɗan acaba. Kafin karo ana maganar birkinsa, fitilarsa, barcin da bai yi ba, ƙwayar da ya haɗiya, da ramin da ke tsakiyar titi. Lokacin karo ana maganar abin da ke kansa da abin da zai faɗa a kai. Bayan karo ana maganar wanda ya ɗaga shi, yadda ya ɗaga shi, nisan asibiti, da ko akwai jini a ajiye. Amfanin jadawalin shi ne yana hana mutum maƙalewa a gida ɗaya. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ba mai jayayya da ƙaddara, sai dai ba mu taɓa jin wannan ya hana uwa rataya wa ɗanta gidan sauro ba.

A 1965 Ralph Nader ya fitar da littafin da ya tona yadda kamfanonin mota ke fifita ado a kan rai. A watan Satumbar 1966 shugaban Amurka Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta ba gwamnati ikon gindaya wa masu ƙera mota sharuɗɗa, aka naɗa Haddon shugaban sabuwar hukumar. Daga nan aka wajabta sitiyari mai lanƙwashewa idan ƙirji ya buge shi, gilashin da ba ya tarwatsewa ya zama wuƙaƙe, ƙofar da ba ta ɓallewa ta watso mutum. Direbobin Amurka ba su zama waliyyai ba, amma cikin rabin ƙarni yawan masu mutuwa a kowace tazara da aka tuƙa ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya bisa biyar na yadda yake a 1966.

Gida na uku, wato bayan karo, shi ya fi zama kango. A wannan shekara ta 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta fitar da wani ɗan rahoto da ya kira rauni cutar da zamani ya yi watsi da ita. Ya ce a 1965 kaɗai haɗurra iri-iri sun kashe mutum 107,000 a ƙasar, kusan 49,000 daga cikinsu a kan titi. Ya ce kusan rabin aikin ɗaukar majinyata zuwa asibiti masu sana'ar binne gawa ne ke yin sa, don kawai motarsu ce ke da tsawon da mutum zai kwanta. Likitocin da suka dawo daga yaƙin Koriya da Biyetnam suka shaida cewa wanda aka harba a fagen daga ya fi wanda mota ta buge a titin birni samun damar rayuwa. Ba abin mamaki ba ne, domin soja sun daɗe da wannan darasi. Tun shekarun 1790 Dominique Larrey, likitan rundunar Faransa wanda daga baya ya bi Napoleon yaƙe-yaƙensa, ya ƙirƙiro kekunan doki masu sauri da ke kwaso masu rauni ana cikin faɗa, kuma ya kafa ƙa'idar fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani, ko hafsa ne ko kurtu.

Abin da ya fi burge ni a wannan zango shi ne wurin da gyara ya fara fitowa. Unguwar baƙaƙen fata ce ta talakawa a birnin Pittsburgh, inda 'yan sanda ne ke jefa majinyaci a bayan mota in sun ga dama. A 1967 aka kafa ƙungiyar motocin asibiti ta Freedom House, aka ɗebo matasan unguwar, da yawansu ba su da aikin yi, aka miƙa su ga Peter Safar, likitan da ya yi fice wajen koyar da farfaɗo da numfashi baki da baki. Ya koya musu buɗe hanyar iska, sa ƙarin ruwa, karanta bugun zuciya, duk a bakin titi. Sun yi aikin da ya zama abin koyi ga ƙasar baki ɗaya, kuma likitarsu ta ƙarshe, Nancy Caroline, ita ta rubuta manhajar da aka riƙa horar da irinsu da ita. A 1975 hukumar birnin ta janye tallafi ta kafa nata tsarin, ƙungiyar ta rufe, aka kuma yi shekaru ba a ko ambaton sunansu.

A cikin asibiti ma sashen gaggawa maraya ne. Ƙananan likitoci sababbin fitowa ake turawa can, ko a riƙa karɓa-karɓa tsakanin likitan ido da na fata. A Ingila, Maurice Ellis, wanda ya yi aikin likita a Najeriya zamanin mulkin mallaka, shi ne babban likita na farko da aka ba riƙon irin wannan sashe kacokan, a Leeds a 1952. A Amurka an fara horar da ƙwararru a fannin a Cincinnati a 1970, aka amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a 1979. A Baltimore kuma R Adams Cowley ya gina cibiyar masu mummunan rauni daga ɗaki mai gado biyu, ya sa jirage masu saukar ungulu na 'yan sandan jiha suna kawo masa majinyata, yana ta nanata cewa sa'a ta farko bayan rauni ita ke raba rai da mutuwa. A 2001 wasu masu bincike biyu suka bi sawun wannan magana ba su sami wani nazari da ya tsayar da minti 60 daidai ba. Cowley dai ya san yadda ake sa 'yan siyasa su saki kuɗi, kuma a kan cewa jinkiri na kisa bai yi ƙarya ba.

Sai labarin James Styner. Likitan ƙashi ne a birnin Lincoln na jihar Nebraska. A watan Fabrairun 1976 yana tuƙa ƙaramin jirginsa daga Los Angeles zuwa gida, da matarsa da 'ya'yansu huɗu, sai gajimare ya rufe su, jirgin ya bugi bishiyoyi ya faɗi a gona da magariba. Matarsa ta rasu nan take. Uku daga cikin yaran suka suma da raunin kai. Shi kansa haƙarƙarinsa ya karye, fuskarsa ta tsage. Cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, shi da babban ɗansa suka tattara tufafi suka lulluɓe yaran, ya yi sa'o'i yana kula da su cikin duhu. Can tsakar dare ya taka zuwa bakin hanya ya tare wata mota, aka kai su ƙaramin asibitin garin Hebron. Suka tarar da ƙofa a kulle. Da aka buɗe, aka kira likitocin garin, Styner ya ga an ciccibi ɗansa mai raunin kai ta kafaɗu da gwiwoyi, kan yana reto, ba wanda ya tuna da wuya. Ya kira abokin aikinsa a Lincoln, aka turo jirgi mai saukar ungulu ya kwashe su.

Wani da ya tsinci kansa a wannan hali, kotu zai nufa. Styner ya ce likitocin nan ba mugaye ba ne, ba a taɓa koya musu ba ne. Hujjarsa ita ce, in har shi a tsakiyar gona da hannu biyu kawai zai iya ba yaransa kulawar da ta fi ta asibiti, to tsarin ne ke da ciwo. Shi da abokansa, cikinsu har da likitan tiyata Paul Collicott, suka tsara kwas na kwana biyu, suka fara koyar da shi a ƙaramin garin Auburn a 1978. A 1980 Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta karɓe shi, da sunan ATLS, ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Abin da kwas ɗin ya kawo ya saɓa wa tarbiyyar da likita ya taso da ita. A makaranta an koya masa ya zauna ya ji tarihin ciwo, ya duba daga kai zuwa ƙafa, ya gano sunan cutar, sannan ya yi magani. A nan sai aka ce masa ya ajiye wannan, ya bi abin da zai fi saurin kashe mutum. Toshewar maƙogwaro tana kisa cikin mintuna, saboda haka da ita ake farawa, ana riƙe da wuya kada ya motsa. Sai numfashi: ƙirji yana ɗagawa ɓangare biyu, ko iska ta taru ta danne huhu? Sai jini, wanda ake gani da wanda ke tsiyaya a ɓoye cikin ciki ko ƙugu ko cinya. Sai ƙwaƙwalwa. Sai a tuɓe shi a juya shi a duba bayansa, a kuma rufe shi kada sanyi ya kama shi. Ƙafar da ta karye ƙashi ya fito, wadda 'yan uwa ke ta nunawa suna kuka, ita ce ke jan ido, amma sau da yawa ba ita ke kisa ba. Idan majinyaci ya rikice ana tsakiyar aiki, a koma farko. Kuma ba a kan allo ake koyo ba, da hannu ake yi, a kan mutum-mutumi da 'yan wasan da aka shafa wa jan fenti, har jiki ya saba. Yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan sun sa an yi wa jerin gyara, aka dawo da ɗamarar tsayar da jini wadda aka daɗe ana tsoronta, aka ce in jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, a fara da shi.

Fannin ya kuma koyi tuhumar kansa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga likitoci. Sama da shekara 30 ana yi wa masu raunin kai allurar sitiroyid da tunanin tana rage kumburin ƙwaƙwalwa. Hankali ya yarda da haka, manyan malamai sun koyar da haka. Ian Roberts da abokan aikinsa a Landan suka shirya gwajin da ake kira CRASH, inda ƙuri'a ke zaɓar wanda za a ba maganin da wanda za a ba ruwan da ba komai a ciki. Da aka kai majinyata 10,008 aka dakatar da gwajin a 2004, domin cikin mako biyu kashi 21 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun mutu, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 18. Wato shekara da shekaru ana ƙara wa mutane ajali da kyakkyawar niyya.

Gwaji na biyu ya zo da labari mai daɗi. Tun 1962 wasu ma'aurata masu bincike a Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar da maganin tiranezamik asid mai hana gudan jini narkewa. Burin Utako shi ne ceto mata masu zubar jini bayan haihuwa, amma likitocin haihuwa na ƙasarta ba su ba ta haɗin kai ba. A 2010 aka fitar da sakamakon CRASH-2: majinyata 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da asibitocin Najeriya. Mutuwa ta sauko daga kashi 16 zuwa 14.5 cikin ɗari. Ragin kamar kaɗan ne, sai an tuna yawan masu zubar jini a duniya da kuma arahar allurar. Sharaɗinta ɗaya: a yi ta cikin sa'a 3 da samun rauni. In an wuce haka amfaninta ya tafi, tana ma iya cutarwa.

Sa'a 3 ɗin nan ita ce ta dawo da mu gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-mace in an kwatanta da yawan jama'a, ga shi ita ce mai ƙarancin motoci. A 1998 Charles Mock da abokan aikinsa na Gana suka kwatanta birane uku. Cikin masu mummunan rauni, kashi 35 cikin ɗari ne suka mutu a Seattle ta Amurka, 55 a Monterrey ta Meziko, 63 a Kumasi. Mafi yawan bambancin tun kafin a isa asibiti ya faru: a Kumasi kashi 51 sun cika a hanya ko a wurin hatsarin, a Seattle kashi 21.

Maimakon su zauna jiran motocin asibiti irin na Seattle, sai suka tambayi wa ke kawo masu rauni asibiti a Gana. Amsar ita ce direbobin tasi da na bas. Suka haɗa kai da ƙungiyar direbobin haya, suka koyar da direba 335 kwas na sa'a 6, ba dogon Turanci, ba littafi mai kauri. Yadda za a kare wurin hatsari kada wata mota ta afka, yadda za a fito da mutum ba a murɗe masa wuya ba, yadda za a kwantar da wanda ya suma a gefensa don kada harshe ko amai ya shaƙe shi, yadda za a danne jini da tsumma, yadda za a ɗaure karaya da katako ko kwali. Da aka bibiyi wasu daga cikinsu bayan watanni, kusan kashi 61 cikin ɗari suka ce sun riga sun yi amfani da abin da suka koya. Gana ta kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004, bayan turmutsitsin filin wasa na Accra da ya ci rai 126 a 2001, kuma a 2009 aka fara horar da likitocin gaggawa a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Amma a ganina kwas ɗin direbobin nan ya fi kusa da halin da muke ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin hatsari a hanyar Kano zuwa Zariya ya ga yadda ake yi: jama'a sun taru da niyyar alheri, wani na kwara wa sumamme ruwa, wani na ɗura masa a baki, mutum huɗu sun kama hannu da ƙafa sun jefa shi bayan a-kori-kura, kai yana reto kamar na ɗan Styner.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta kafu a 1988, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, bayan ya taka rawa a irin wannan yunƙuri a tsohuwar jihar Oyo. An fara tilasta ɗaura bel ranar 1 ga Janairun 2003, hular kwano kuma ranar 1 ga Janairun 2009. Mun san yadda ta kaya da hular. Farashinta ya yi tashin gwauron zabi, jita-jita ta bazu cewa ana tsafi da ita a sace fasinja, wasu 'yan acaba a Kano suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya, har kafafen labaran duniya suka ɗauka suna dariya. An kawo doka ba a kawo hula mai araha da ta dace da zafinmu ba, ba a kuma zauna da masu sawa ba.

A ɓangaren asibiti dokokin suna nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta ce a fara magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an biya kuɗin ajiya ko ba a biya ba, asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin sa'a 2 da fara aiki, kuma kada a tsare wanda ya kawo majinyacin da tambayoyin cin fuska. Da yawan direbobinmu ba su taɓa jin labarin waɗannan dokoki ba. Har gobe za ka ji babban direba a tasha yana gargaɗin yaronsa cewa in ya ga hatsari da dare ya taka mota ya wuce, kada ya kwana a caji ofis.